Uwargida, Wa Ke Duba Fatar Yaranki?

Uwargida, sau nawa kika kai yaro asibiti da ƙuraje, aka rubuta miki man shafawa tun ba ki gama kwance goyo ba? Kin shafa har kwalba ta ƙare, ciwo yana nan, kuɗin cefane kuwa ya tafi.

Sau da yawa gaba ɗaya matsalar daga koyarwa take. Likitan fata sai ya yi shekara 6 a jami'a, sa'an nan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, ga su kuma 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan asibitoci. Wanda ke duba ki a ƙaramin asibiti malamin lafiya ne, darasin fata kuwa kaɗan ya samu.

To, ƙarin koyarwa yana da amfani? An gwada a yankin Bamako ta ƙasar Mali. An tara ma'aikatan lafiya wajen 400, aka koya musu na kwana ɗaya tak yadda za su gane cututtukan da aka fi kawowa, watau ƙazuwa, makero, ƙuraje masu ruwa da alamun farko na kuturta. Daga baya aka bi su wuraren aikinsu aka duba. Rahoton da ya fito a 2005 ya nuna masu samun maganin da ya dace sun tashi daga kashi 42 cikin ɗari zuwa 81, kuɗin magani kuma ya ragu. Ashe a jikin majinyaci ake auna ilmin mai magani.

Ke ma kina iya aunawa. Wanda ya koyu zai duba jikin yaro duka a cikin haske, har tsakanin yatsu. Zai tambaya ko akwai mai susa a gida, domin ƙazuwa sai an yi wa kowa magani tare. In ya ga tabo mai haske, zai goga auduga a kai ya ce yaro ya rufe ido. Ƙyasbi ba ya hana jin taɓawa, amma tabon kuturta yakan hana. Kuturta tana warkewa cikin wata 6 ko 12, maganinta kyauta ne, jinkiri ke jawo nakasa.

In ba a yi miki haka ba, ki tambaya cikin ladabi, ko ki nemi takardar zuwa babban asibiti.

Ku kuma 'yan makaranta, ga fili nan. Mata da yawa suna ɓoye ciwon fata don kunyar buɗe jiki gaban namiji. Ku suke jira.

Allah ya ba mu lafiya, amin.