Injin Sassaƙar Ƙarfe Zai Shigo Gidanki? Uwargida, Kada Ki Ce Ba Ruwanki

Uwargida, in maigida ya shigo da fara'a ya ce miki ya biya kuɗin injin sassaƙar ƙarfe, ko ɗanki da ya kammala koyon sana'a ya ce mako mai zuwa za a kawo nasa, kuma a gida za a kafa shi, to ki gyara zama. Wataƙila har da kuɗin adashinki a ciki, ko na tunkiyar da kika sayar. Ko da babu sisinki, ke ce mai wuni a gidan, ke kika san ta inda mai rarrafe yake bi da lungun da yara ke ɓuya in suna wasa. Maganar inda za a ajiye injin nan da yadda za a ja masa wuta ta shafe ki, kuma tun kafin a sauke shi ya kamata ki yi ta. In an riga an ɗaure shi da ƙasa, ba mai son sake ɗaga shi.

A takardar kamfani sunansa lathe. Aikinsa shi ne ya damƙe guntun ƙarfe ya riƙa juya shi da gudu, mai aiki kuma ya matso da wata 'yar wuƙa mai tauri tana fere ƙarfen kaɗan-kaɗan. Ki ɗauka doya kike ferewa, sai dai a nan doyar ce ke juyawa, wuƙar tana riƙe a wuri guda. Maƙeri sai ya zuga wuta ya yi ta duka kafin ƙarfe ya bi shi, wannan kuwa a sanyinsa yake yanka shi. Da shi ake fitar da sabuwar sandar injin markaɗe in tsohuwar ta cinye, da zaren noti, da ƙananan kayan Keke Napep da na injin ban ruwa waɗanda aka nema a kasuwa aka rasa. Duk wadda ta taɓa ratsa Panteka a Kaduna ta ga irinsa yana aiki. Sana'a ce mai rufin asiri, kuma injin in ya samu kulawa har gadonsa ake yi.

Kafin mota ta tsaya a ƙofa

Tambayar farko: kilo nawa ne? Ƙananan da ake ɗorawa a kan tebur sukan kai kilo 40 zuwa 50, kusan buhun siminti ke nan. Matsakaita sun haura kilo 150, manya kuwa rabin tan ne, wasu har sun wuce tan guda. Nauyin ne zai nuna inda zai zauna. Daɓen da aka shafa wa siminti sama-sama ba zai ɗauki babba ba, sai kankare mai kauri. Ƙarami kuma tebur yake so na ƙarfe ko na katako mai ƙwari wanda ba ya rawa, a ɗaure shi a kai da noti.

In so samu ne, ɗakin ya kasance mai ƙofa ta waje, kamar shago ko gareji, yadda masu kawo aiki ba za su riƙa ratsa miki tsakar gida ba. Zauren da kowa ke bi ya shiga ya fita bai dace ba ko kaɗan, komai ƙarancin wuri. A nan ni dai ba na ganin akwai sassauci. Ɗakin ya samu haske, rufinsa ba ya yoyo, ƙofarsa tana ɗaukar kwaɗo. A auna faɗin ƙofar tun da wuri, domin ba ƙaramin takaici ba ne a sauke akwati a titi sannan a ga ba zai shiga ba. In gidan haya kuke, mai gidan ya ji daga bakinku kafin ya ji ƙarar injin daga bakin maƙwabta.

Ranar da aka kawo shi, ki tura yara gidan kaka ko ki tsare su a ɗaki. Abin kallo ne, duk yaran layi za su taru, kuma a lokacin saukewa injin ya fi saurin kifewa. Nauyinsa a sama yake, ga shi ya karkata gefe guda, wajen da kan injin da motarsa suke. 'Yan dako in ba a gaya musu ba, sai su kama duk abin da hannu ya samu, wato maɗaukan juyawa da doguwar sandar nan mai zare da ke gabansa. Waɗannan su ne masu saurin lanƙwashewa, kuma sandar in ta lanƙwashe injin ya samu tabo tun bai fara aiki ba. Ta ƙarƙashin gadonsa ake zura igiya mai ƙarfi, a ɗaga a hankali, ba mai sa ƙafa ko yatsa a ƙasa.

Ga inda wayar da ke hannunki za ta yi rana. Kafin direba ya tafi, ki ɗauki hoton akwatin ta kowane gefe, musamman in akwai inda katako ya fashe ko alamar an yar da shi. A buɗe a gabansa, a ƙirga kayan da ke ciki a gwada da jerin da ke cikin littafin injin. Maza in suna ɗokin sabon abu ba su cika tsayawa wannan ba, sai bayan mako biyu a gane babu wani giya ko sifana, mai kaya kuma ya ce shi cikakke ya ba da. Littafin da rasit ki karɓa ki adana su inda kike ajiye takardun makarantar yara.

Sabon inji yakan zo shafe da wani maiƙo mai danƙo da kamfani ke sawa don kada ya yi tsatsa a jirgin ruwa. Da kananzir da tsumma ake goge shi, taga a buɗe. Ban da fetur. In sun ce sun saba, ki tuna musu akwai murhu a gidan. Bayan an goge sai a shafa mai mai tsabta a duk inda ƙarfe ke zamewa a kan ƙarfe. In injin mai akwatin giya ne, a duba ko da mai a ciki, saboda wasu a bushe ake aiko su. Sai daidaita zamansa, aikin da zai iya cin wuni guda har ki ga kamar ɓata lokaci suke yi da sa 'yan fallayen ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafu suna cirewa. Ki bar su. In gadon injin ya ɗan murɗe, duk sandar da aka fere za ta fito gefe guda ya fi gefe kauri, mai aiki ya dawo da kayansa yana faɗa.

Wuta

Wutar gidajenmu volt 220 zuwa 240 ce. Ƙananan injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, in aka cusa su a soket ɗinmu kai tsaye sun ƙone. Manyan kuma da yawansu wuta mai layi uku suke buƙata, alhali yawancin gidaje layi ɗaya gare su. Duk wannan a rubuce yake a wani ɗan faranti da ke manne a jikin motar injin, a sa mai kaya ya turo hotonsa kafin a biya. Ƙaramin janaretan nan na kallon talabijin ba zai tayar da matsakaicin inji ba, domin mota a lokacin tashi tana zuƙar wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta daidaita. Ƙananan kuma suna da allon lantarki a ciki wanda ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, sai da sitabilaiza. A kira mai gyaran wuta na gaske ya ja wa ɗakin layinsa daban, ya haɗa jikin injin da wayar nan da ake binnewa a ƙasa, yadda in wuta ta zubo a jikin ƙarfen ba ta jikin mutum za ta bi ba.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi shafar mu da ake yawan ɗauke wa wuta. Ana cikin aiki an ɗauke, injin ya tsaya, maigida ya yi tsaki ya fita masallaci ko shan iska, bai kashe makunnin ba don ai ba abin da ke motsi. Can an jima an dawo da wuta, yara suna ihun "sun kawo". Idan makunnin injin irin na fitilar ɗaki ne, wanda ke zama inda aka bar shi, to a wannan daƙiƙar injin zai tashi da kansa, ko da kowa a ɗakin ko babu, ko da hannun wani a jikinsa. Injina masu kyau suna da makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba za su sake tashi ba sai an danna koren maɓalli. Gwajin ba wuya, kuma ina so ki tsaya a yi shi a gabanki: a kunna injin babu komai a bakinsa, a kashe wutar daga bango, a jira ya tsaya, a sake kunna ta bangon. In ya tashi shi kaɗai, kada a fara aiki da shi sai mai wuta ya sa masa irin wancan makunnin. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na injin.

A wannan tsayuwar ki sa a nuna miki jan maɓallin tsayar da gaggawa da inda ake kashe wutar ɗakin gaba ɗaya. Ki danna da hannunki. Babbar 'yarki ma ta danna. Ranar da za a buƙace shi, mai yiwuwa ku kaɗai ne a kusa.

Tufafi da gashi

Injin nan ba ya bambance ƙarfe da tsumma, duk abin da ya kama naɗe shi yake yi. Ƙananan ma suna iya juyi 2,500 a minti guda. Mu sauko ƙasa, mu ce 600 kawai, wato sau 10 a daƙiƙa. In ƙarfen da ke juyawa kaurinsa santimita 5 ne, a daƙiƙa ɗaya zai naɗe yadi mita ɗaya da rabi. Ki duba tsawon mayafinki. A watan Afrilun 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasu bayan irin wannan inji ya kama gashinta, tana aiki da dare a ɗakin injina na makarantar. Ga ilimi, ga kayan aiki na zamani, amma bai hana ba.

Saboda haka babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, carbi a wuya, agogo da zobe, duk a waje ake barinsu. Safar hannu ma, wadda mutum zai zaci kariya ce, a wannan injin tarko ce, domin in ya kama safar da hannun zai tafi. Ki sa tela ya ɗinka masa riga mai gajeren hannu wadda ta kama jiki, ta zauna a ƙusa a bakin ƙofa tare da tabaran kariya. Ke kuma da hijabinki ko gyalenki, iyakarki bakin ƙofa muddin yana juyawa. In 'yarki ce mai sha'awar koyo, ba laifi, ana iya yi da ɗankwali ɗaure tam, gashi duk a ciki, babu jelar da ke lilo, kuma mai koya mata yana tsaye.

Wata ɗabi'a tamu ta gida ma sai an sauya ta: aiken yaro ya kai wa babansa waya tana ƙara, ko kwanon abinci. Mutumin da idonsa ke kan wuƙa ba a dafa shi ta baya. A ƙwanƙwasa ƙofa a jira sai ƙarar ta tsaya. Akwai kuma wani makulli mai siffar harafin T da ake matse bakin injin da shi. In aka mance shi a jiki aka kunna, cilla shi injin zai yi kamar harsashi. Masu koyar da sana'ar sun fi yin faɗa a kan wannan fiye da komai, kuma in kika leƙa kika gan shi soke a kan injin alhali ba hannu a kai, ki yi magana ko da maigida ne.

Abin da zai fi shigo miki cikin gida shi ne ɓarɓashin ƙarfe. Yana fitowa a nannaɗe, yana ƙyalli, wani har shuɗi-shuɗi saboda zafi, yaro na ganinsa zai so ya ɗauka. Kaifinsa kamar reza. Yana maƙalewa a ƙasan takalmi ya biyo mutum har kan tabarma, inda mai rarrafe zai tsince shi, kaji ma suna tsattsagarsa. Takalmin aiki ya tsaya a ɗakin aiki, kayan aiki kuma a karkaɗe su a can, a wanke su daban da na yara. Don tsince na bakin ƙofa, ki sa mayen ƙarfe na tsohuwar sifika a cikin leda ki ja shi a ƙasa, in ya tara sai ki juya ledar ciki ya koma waje. Sai dai mayen ƙarfe ba ya kama tagulla da alminiyam, su sai tsintsiya. A tara su a gwangwani mai murfi, 'yan gwangwan za su saya.

In ɓarɓashi ya faɗa ido, kada a murza, kada a sa tsinke ko bakin tsumma, kada kuma a bari sai gobe. Ƙarfe yana fara tsatsa a kan ƙwayar ido cikin sa'o'i. A rufe idon ba tare da dannawa ba a nufi asibiti. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, in kuna nesa da su ki san wanda ya fi kusa da ku tun yanzu. Mai aikin kuma ya je a duba ko allurarsa ta tetanus tana nan da ƙarfinta, don yanka a yatsa ba ya ƙarewa a wannan sana'a.

Kada ki sa rai da kuɗi a makon farko. Littafin yawancin injina yana cewa a fara barinsa ya yi ta juyi a hankali babu aiki, a bi matakan gudunsa ɗaya bayan ɗaya, masu akwatin giya kuma a juye man farko a zuba sabo. Sannan akwai wuƙaƙe, da abin awo, da mai, waɗanda ba kasafai suke zuwa a cikin akwatin ba, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Gara ku yi wannan lissafin tare tun kafin ya taɓo kuɗin cefane.

Tsohon zanen gadonki mai kauri kuwa ya samu aiki. Ƙurar hunturu in ta haɗu da man da ke kan gadon injin sai ta zama kamar yashin goge tukunya, tana cin ƙarfen a hankali har ya daina yanka daidai, da damina kuma laima ke sa shi tsatsa. Kullum aka tashi, a share, a shafa mai, a zare filogi daga bango, a lulluɓe shi, a sa kwaɗo. Makullin ya zama biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a wurinki, a inda yaro ko ya taka kujera hannunsa ba zai kai ba.