Dogon Direba da Motar Tsere: Abubuwan Lura Kafin Saye

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wasan mota ya samu karɓuwa a tsakanin matasan Abuja. Wasu tsere ke burge su, wasu kuwa gwanintar karkata mota tana zamiya a kwana. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana tafiya da tseren motoci, har ma a 2020 daga Abuja motocin suka tashi. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda mai sha'awar wasan, wanda ba sana'arsa ba ce kuma aljihunsa ba shi da nauyi, zai zaɓi mota, musamman idan Allah ya yi shi dogo.

Matsalar Dogo

Masu ƙera motocin gudu suna yin su ƙasa-ƙasa don kada iska ta riƙe su. Wannan ne ya sa dogo ke shan wahala a cikinsu. Misali, motar Ford GT40 tsayinta daga ƙasa inci 40 ne kacal. Da Ba'amurke Dan Gurney, mai tsawon kimanin santimita 193, zai tuƙa ta a tseren Le Mans na Faransa a 1967, sai da aka yi wa rufinta ɗan tozo don hularsa ta samu wuri, kuma shi da abokinsa A. J. Foyt ne suka ci tseren. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ba shi da kamfanin da zai yi masa haka, don haka tun wajen saye zai yi hattara.

Wurare uku ne ke takura wa dogo: kai da rufi, gwiwa da sitiyari, sai kuma ƙafa da birki. A filin tsere dole ne a sa hular kwano, ita kuwa tana ƙara wa mutum 'yan santimitoci. Motar da ta ishe shi zuwa ofis, sai ya ga da hula ba ta ishe shi ba. Da yawa sukan kwantar da kujera baya don kai ya samu wuri. Wannan kuskure ne babba, saboda hannu zai yi nisa da sitiyari, kuma idan aka yi karo mutum zai iya sulalewa ta ƙarƙashin bel.

Yadda Ake Gwada Mota

Gani ya kori ji. Mai saye ya tafi da hularsa wurin dillali, ya sa ta, ya zauna. Da farko ya taka kuloci har ƙasa. Ya kamata gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa. Na biyu, ya jingina kafaɗunsa da kujera ya miƙa hannu. Idan wuyan hannu ya hau saman sitiyari, zaman ya yi daidai. Na uku, ya juya sitiyari hagu da dama ya ga ko hannu na bugun cinya. Na huɗu, ya matsar da ƙafa daga totur zuwa birki da sauri ya ga ko gwiwa na karo da wani abu. Daga ƙarshe a samu wani ya tura yatsu biyu ko uku tsakanin hula da rufi. In ba su shiga ba, to motar ba tasa ba ce, komai kyanta.

A guji mota mai tagar sama, domin na'urar tagar tana cin wurin kai. Haka kuma kujerar da ake matsarwa da hannu galibi ta fi mai lantarki sauka ƙasa. Sitiyarin da ake iya ɗagawa a kuma jawo shi gaba yana ba gwiwa sarari.

Motocin da Suka Dace

Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, ita ce ta fi suna wajen masu koyo a Turai da Amurka, amma cikinta ƙarami ne, kuma kayanta ba su da yawa a nan. Abin da ya fi dacewa da dogo shi ne mota mai ƙofa huɗu. BMW samfurin E36 na shekarun 1990 da E46 da ya biyo shi a 1998 suna da sarari, kuma tayoyin baya ne ke tura su, wanda shi masu zamiya ke nema. Sai dai wasu sassan da ruwan lagireto ke bi na roba ne, sukan fashe in sun tsufa, kuma a kan samu tsagewa a ƙarƙashin bodi inda ƙafar baya ta kama. Mercedes C-Class da Lexus IS su ma na baya ne ke turawa, amma yawancin waɗanda ake samu masu giyar otomatik ne.

Wanda tsere yake so ba zamiya ba, Golf ko Honda Civic ko Peugeot 406 sun ishe shi koyo. Kada a raina Peugeot: ita 504 da kamfanin Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa, irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a wannan shekarar.

Lissafin Kuɗi

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Kuɗin saye somin-taɓi ne, don haka kada a ƙarar da abin hannu a wurin dillali. Kafin a biya, a kai motar wurin amintaccen bakanike, kuma a zaga Apo a tambayi farashin kayanta. Motar da sai an yi odar kayanta daga waje za ta fi zama a gareji. Bayan saye a fara da birki. Man birki na DOT 3 sabo an tsara kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 kuwa 230, kuma da zarar ya tafasa birki ya tafi. Sai tayoyi: lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sai lagireto, ganin irin zafin Abuja a watan Maris. A sa man fetur cikin lissafi, tunda an cire tallafinsa a 2023. Ƙara wa inji ƙarfi shi ne na ƙarshe.

Kammalawa

Faɗin titunan Abuja yana ruɗin matasa, amma titi na kowa ne. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 100 a awa a babbar hanya, 50 a cikin gari. Wurin wasa shi ne filin da aka killace da izinin hukuma, 'yan kallo suna nesa. Wanda ya yi a titi ya sa ransa da na bayin Allah cikin haɗari. A taƙaice, dogo ya fara neman motar da zai zauna a ciki daidai da hularsa, sannan wadda zai iya gyarawa, kafin ya yi maganar gudu.