Fagen daga a kan tebur: wasan yaƙi da ƙananan sojoji



A biranen Ingila da Faransa da Jamus da Amurka akwai magidanta, wasunsu har da furfura, waɗanda idan ranar hutu ta zo sai su kira abokansu gida, a kwashe kwanukan abinci, a shimfiɗa koren mayafi a kan tebur. A kan mayafin za a dasa tuddai na kwali, da itatuwan da tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, da kogi na shuɗin ƙyalle, sannan a jera ɗaruruwan ƙananan sojoji na dalma ko na roba, kowanensu an yi masa fenti da hannu. Daga nan sai a fito da abin awo irin na tela, a ja daga. Faransawa na kiran wannan nishaɗi jeu de guerre ko jeu d'histoire, wato wasan yaƙi ko wasan tarihi. Tun da wayar hannu ta kawo hotunansa har cikin ɗakunan samarinmu, ya kyautu iyaye su san ko mene ne kafin su ce i ko a'a.

Abin da ya raba shi da dara ko ludo shi ne ba shi da gidaje. Fili ne buɗaɗɗe, kuma kowace runduna tana tafiya gwargwadon abin da ƙa'ida ta yanka mata. A misali, dakaru su yi santimita 15 a kowane zagaye, barade su yi 30, wanda ya shiga kurmi ko fadama kuwa a rage masa rabi. Igwa tana kaiwa nesa, amma ba ta harbin abin da tudu ya kare. Rundunar da aka ɓullo wa ta baya, ko wadda ta ga an kashe shugabanta, tana iya karaya ta watse alhali mutanenta ba su ƙare ba. Saboda haka mai wasa ba ya tunanin cin ƙwayar abokin karawarsa kawai. Yana tunanin inda gada take, da wanda zai riga hawa tudu, da ko taimakon da yake jira zai iso kafin a murƙushe ɓangarensa na hagu. Teburin da aka fi sabawa da shi yana da tsawon santimita 180 da faɗin 120, sojojin kuma akwai masu milimita 6, da 15, da 28.

Asalinsa a barikin soja yake

Wasan bai fara da yara ba. A shekarar 1812 wani ma'aikacin gwamnatin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa sarkinsu wani tebur na musamman da ake harhaɗa tuddai da koguna a kansa domin a gwada dabarun yaƙi. Ɗansa, hafsa a rundunar igwa, ya gyara ƙa'idojin ya buga su a 1824 da sunan Kriegsspiel. Ya koma amfani da taswirar gaskiya, kowane zagaye ya zama daidai da minti biyu na yaƙi, aka yi wa ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Babban abin da ya ƙago shi ne alƙalin wasa. Kwamandojin biyu ba sa taɓa rundunoninsu. Suna rubuta umurni ne a takarda su miƙa wa alƙali, shi kuma ya motsa rundunonin, ya gaya wa kowa abin da idon sojojinsa zai iya gani kawai. Shugaban hafsoshin Furusiya na lokacin, Janar Müffling, da ya kalli gwajin, ya ɗauke shi a matsayin horon yaƙi sosai, ya ba da shawarar a yaɗa shi cikin rundunonin ƙasar. Bayan Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonsa.

Mai karatu ya riƙe abu guda a nan, domin za mu dawo kansa: a wasan Reisswitz babu siffar mutum ko ta doki. Ƴan guntayen ƙarfe ne masu kusurwa huɗu, kowane yana tsaye a madadin runduna.

Wanda ya fitar da wasan daga bariki ya shigar da shi falo shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, da littafinsa Little Wars na 1913. Shi da abokansa suna rarrafe ne a ƙasa, suna awo da zare, sojan ƙasa ya yi ƙafa ɗaya, mahayi ya yi biyu, suna harbin sojojin dalma da wata ƴar igwar wasa mai cilla guntun itace. Wanda ya faɗi ya mutu. Wells ba mai son yaƙi ba ne. Hujjarsa ita ce duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu, ya ga yadda shiri ke rikicewa a hannun mai shi, zai gane irin shirmen da babban yaƙi yake. Shekara guda bayan fitowar littafin yaƙin duniya na farko ya ɓarke, wanda ke nuna cewa shugabannin Turai ba su saurare shi ba.

Sauran tarihin gajere ne. Sojojin roba masu araha sun cika kantuna wajen 1960, Donald Featherstone ya buga littafinsa War Games a 1962, ƙungiyoyi suka yawaita. A 1975 aka kafa kamfanin Games Workshop a Landan, wanda ya fitar da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. Hotunan da samarinmu ke gani a intanet yawanci nasa ne. Kamfanin ya bunƙasa har ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a ƙarshen 2024. Kuɗin nan daga aljihun masu wasa suka fito: akwati ɗaya mai sojoji goma yana iya kai kuɗin buhun shinkafa a wurinmu, ga fenti, ga buroshi, ga littattafan ƙa'ida da ake sabuntawa bayan ƴan shekaru. Ƙari a kan tsada, duniyar Warhammer duniya ce ta ƙage mai cike da shaiɗanu da bokaye da alloli na ƙarya. Ni dai ban ga abin da zai sa magidanci Musulmi ya kai kuɗinsa can ba.

Tambayoyi biyu da malam zai yi

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san inda maganar za ta nufa. Tambaya ta farko ita ce ta siffofi. A mazhabar Malikiyya, siffar abu mai rai wadda take cikakkiya kuma tana da inuwa haramun ce a yi ta, sai dai ƴar tsanar yara mata, wadda aka yi rangwame a kanta saboda hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da irinta. A ruwayar Abu Dawuda har da doki mai fukafukai. Amma gardi mai gemu da ya tara sojojin dalma ɗari biyar a kabad zai sha wuya kafin ya shigar da kansa cikin rangwamen da aka yi wa yarinya.

Ta biyu ita ce ƙwayar nan mai fuska shida da ake jefawa a ludo. Yawancin ƙa'idojin zamani da ita suke yanke ko harbi ya samu ko bai samu ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan wasan nardu yana da tsanani ƙwarai, kuma mafi yawan malamai sun hana nardu ko da babu kuɗi a tsakani, wasu na yanzu kuma suna shigar da duk wasan da ake jefa ƙwaya cikin hukuncin. Ko shaɗaranji, wanda babu sa'a a cikinsa, Imamu Malik bai so shi ba, yayin da Shafi'awa suka tsaya a kan karhanci muddin babu caca, babu zagi, babu wasa da lokacin salla.

Fatawa aikin malamai ne, kuma wanda zai fara abin ya je ya tambayi nasa. Abin da nake so in nuna shi ne waɗannan abubuwa biyu ba su ne gishirin wasan ba. Mun riga mun ga cewa ya fara ne da guntaye marasa fuska, kuma har yau akwai masu buga shi haka. Ƙwayar ma ana iya ajiye ta. A 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya fito da tsarin da alƙali mai sanin aiki ke yanke hukunci da hankalinsa, ba tare da dogayen jadawalai ba. Wells kuwa bai dogara da ƙwaya ba: idan runduna biyu suka gwabza hannu da hannu, lissafin yawan mutane ne ke raba gardama. Rashin tabbas, wanda shi ne ke sa zuciya bugawa, yana iya fitowa daga ɓoyayyen umurni. Ka rubuta naka, na rubuta nawa, babu wanda ya san shirin ɗan uwansa sai alƙali ya buɗe takardu.

Wane yaƙi za a ɗora a tebur?

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, domin kakanninmu da maƙwabtansu suna kan teburan Turawa tun tuni. Akwai ƙa'idoji na musamman don yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, irin The Sword and the Flame na 1979, kuma kamfanoni na sayar da ƙananan sojojin Mahadi na Sudan da tutocinsu. A Omdurman, a 1898, an kashe mutanen Halifa Abdullahi kimanin 10,000 ko fiye, a ɓangaren Ingila da Masar kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Ga wanda ke zaune a Landan wannan matsala ce ta yadda za a daidaita wasa don kada ya ƙare da wuri. Ga wanda danginsa suke Sudan tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, magana ce ta daban. Duk da haka, mai adalci zai yarda cewa da yawa cikin masu wasan nan sun karanta tarihin Afirka fiye da abin da aka koya mana a lakwal, har sun san launin rigar kowace runduna da sunan sarkin yaƙinta.

Mu ɗauki Tondibi, arewa da Gawo, a 1591. Judar Pasha ya bar Marakesh a ƙarshen 1590, ya ƙetare hamada da ƴan dubban sojoji masu bindiga, ya iso bakin Kwara a gajiye. Askiya Ishaƙ na biyu ya fi shi mutane nesa ba kusa ba. Aka koro garken shanu don su tattake sahun Marokawa, amma ƙarar bindiga ta firgita su suka juyo kan masu su, daga nan daular Songai ta fara rushewa. A littafin tarihi wannan sakin layi ɗaya ne, a haddace don jarrabawa a manta. A kan tebur kuwa dole yaro ya tambaya: me ya sa aka bar baƙin suka sha ruwa suka huta? Baka tana kai mita nawa, bindigar wancan zamani tana kai nawa, kuma wane lokaci ake ɗauka kafin a sake ɗura ta? Da barade sun kewayo ta gefe, me zai faru? Wanda ya riƙe ɓangaren Askiya sau uku yana neman mafita ba zai sake mance Tondibi ba. Haka Kusri ta 1900, inda Rabe da Kwamanda Lamy suka mutu rana ɗaya, ko Adwa ta 1896, inda Habasha ta kori Italiya.

Akwai yaƙe-yaƙen da ban ga dacewar a mayar da su wasa ba. Badar da Uhudu da sauran yaƙoƙin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna gaba, domin dole wani ya riƙe ɗaya ɓangaren, ya kuma yi ƙoƙarin ya ci. Sai kuma faɗace-faɗacen ƙarni na 19 tsakanin Sakkwato da Gobirawan Tibiri da Katsinawan Maraɗi. Jikokin ɓangarorin duka suna shan shayi a fada ɗaya a yau, kuma ba kowace barkwanci ce ke tsayawa a barkwanci ba. Wanda ke son zaman lafiya ya ƙago ƙasashe biyu da babu su a taswira, ya raɗa musu suna, ya ba su kogi ɗaya su yi ta jayayya a kansa.

Kayan aiki ba sa buƙatar jirgin sama. Akwai ƙa'idojin da aka tsara don ƙaramin gida: DBA, wanda ya fito a 1990, yana ba kowane ɓangare guntaye 12 kacal a fili mai santimita 60, a gama cikin awa guda, kuma masu karanta Faransanci suna da mujallar Vae Victis da ke fitowa tun 1995. Amma takarda ɗaya da abokai suka rubuta da kansu ta isa a fara. Kafinta zai yanka ragowar katako guntu-guntu, a shafa wa rabi ja rabi shuɗi, a zana alamar baka ko mashi ko igwa a kai. Tabarma ta zama fili, littattafai a ƙarƙashin mayafi su zama tuddai, kwalin ashana ya zama gida, tsakuwa ta zama ganuwa. Mutum uku sun wadatar, biyu kwamandoji, ɗaya alƙali. Kuma a zaɓi alƙalin da kyau, wanda ba ya tsoron ɓacin ran yayansa, domin gardamar ko santimita ɗaya ta rage ko ba ta rage ba ita ce ke raba abokai a wannan wasa, a Turai ma haka. A sa hannun alƙali a kan agogo: in ladan ya yi kira, ya ɗauki hoton filin da waya, kowa ya tashi. Hoton zai yi amfani idan aka dawo aka tarar ƙanin wani ya kwashe baraden shuɗi ya gina gareji da su.