Bayani Kan Tsohon Agogon Hannu da Kayan da Ake Haɗa Shi da Su

Wanga bayani ya shafi tsofaffin agogunan hannu irin waɗanda iyayenmu sunka ɗaura, su Seiko 5 da Rado da West End da Citizen. Da yawa cikinsu alhazai sunka shigo da su daga Makka da Jidda, wasu kuma an saye su lokacin kuɗin Udoji, 1975, sa'ad da ma'aikaci ya karɓi kuɗi dunƙule ya nufi kanti. Yanzu an koma nemansu. Wani shi zo ya ce yana son irin na mahaifinsa sak, wani shi kawo na gado da ya daɗe a mace ya ce a tayar mashi. Mai gyara sai ya tsinto fuska nan, inji can, ya haɗa. To a nan dillali ke samu, a nan kuma yake tafka hasara idan bai san abin da ya riƙa ba.

Ku sani agogo gida ne da inji da fuska da hannuwa da marfin baya, kuma darajar tsoho tana ga waɗannan su zama 'yan zamani ɗaya. Mu masu hatsi ba mu yarda da bakin buhu, sai mun soka ƙarfe mun ga na ciki, don an sha zuba geron bana a sama, na bara mai ƙwari a ƙasa. Fuskar agogo ita ce bakin buhu. Kada a yi ciniki sai an buɗe baya.

Mu ɗauki Seiko 5, tunda shi ya fi yawa a hannun mutane, kuma shi ya fi sauƙin karantawa. Kamfanin ya fara fito da shi a Japan a 1963. A marfin bayansa akwai lamba takwas da ɗan layi a tsakiya. Huɗun farko sunan inji ne, huɗun ƙarshe na gida ne. A juya fuska, can ƙasa wajen ƙarfe shida, akwai ƙaramin rubutu wanda sai an sa tabarau, shi ma yana ɗauke da lambar injin. A buɗe marfi, a jikin injin kansa an buga ta. Wuri uku ke nan, kuma wajibi su yi magana ɗaya. Idan marfi ya ce 6309, fuska ta ce 7009, to haɗi ne, ko mai shi ya rantse. Lambobin da ke biye da huɗun farko a fuska kuwa ba dole su dace da na marfi ba, don na fuskar ne ita kaɗai, kada wani ya karya maka farashi da wannan.

Sannan akwai wata lamba shida a marfin, ita ke faɗin haihuwarsa. Ta farko ƙarshen shekara ce, ta biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sai harafin O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Alal misali lambar da ta fara da 94 tana nufin watan Afrilu na shekarar da ta ƙare da 9. Wace 9 ɗin? Inji ke raba gardama. An yi 6309 daga 1976 zuwa 1988, saboda haka 1979 ce ba wata ba. Injin 7S26 kuwa sai 1996 anka fara shi. Duk wanda ya miƙo maka agogo mai 7S26 ya ce tsarabar hajjin 1979 ce, ko dai an sauya injin, ko labarin aka ƙara wa gishiri. Haka adadin duwatsun da ke rubuce a fuska: 6309 yana da 17, 6119 da 7S26 suna da 21. Fuska mai 21 bisa inji mai 17 ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Na Suwizalan kuma haskensu ake dubawa, wato ɗan maganin nan da ake shafa wa hannuwa da ɗigon awoyi don su nuna cikin duhu. Daga shekarun 1960 har zuwa ƙarshen shekarun 1990 wani sinadari ake sa wa mai suna tiritiyam, alamarsa harafin T a gefen rubutun SWISS MADE. Shi wannan rabin ƙarfinsa ke tafiya duk shekara 12 da 'yan watanni, don haka na 1975 ya riga ya mutu, launinsa ya koma kamar na madara ko ƙasa-ƙasa. Idan ka ga fuska mai T amma hannuwanta fari fat, ka haska masu tocila su yi ta ƙyalli kore, to sababbi ne, maganinsu na bayan 1993 ne. Abin da ake so launin hannuwa da na ɗigon awoyi su tsufa tare. Waɗanda sunka girmi 1960 kuwa a yi hattara, da yawansu radiyam ke jikinsu. Haskensa ya mutu amma dafinsa na nan, yana kai shekara 1,600 kafin ya ragu rabi. Kada a kankare fuskar, kada a hura ta da baki, kada a bar yara su yi wasa da buɗaɗɗe.

Wani abu da ya cika kasuwannin duniya shi ne haɗin Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu. Can ana tara matattun agoguna, su HMT na Indiya da Seiko da Citizen da West End, a sake fentin fuskar ja ko kore ko shuɗi mai ɗaukar ido, a buga suna. Alamarsu rubutu mai kauri da ya ɗan malala, da fuska sabuwa dal a cikin gida wanda ya sha duniya. Suna tafiya, ba a ce ba su tafiya ba, amma a saye su da kuɗin haɗi.

To wanda ke son a haɗa mashi fa? Shawara ita ce kada a bi kaya ɗai-ɗai. A nemi mataccen agogo mai lambar inji ɗaya da shekaru kusa, a saye shi sukutum a ciro abin da ake buƙata, ya fi araha kuma ya fi dacewa. Maɗauri da gilashi da zoben roba na marfi da mai, waɗannan kayan ci ne, sauya su bai rage daraja ƙwarai, sai dai a mayar da iri: mai gilashin roba a sa mashi na roba mai tudu. Rado DiaStar kaɗai kada a yi mamaki, tun 1962 da gilashi mai tauri wanda bai karcewa ya fito. Gida kuma kada a kai shi injin gogewa, yana cinye kaifin gefensa, masu saye na nesa sun fi son tabon shekaru da ƙyallin gugar jiya. Duk abin da anka sauya a faɗa wa mai saye tun kafin a yi tayi, kamar yadda ake bayyana aibin dabba a kara, kuma a miƙa mashi tsofaffin kayan da anka cire a ƙulle.

Abu na ƙarshe, faifan ranaku. Seikon da anka yi don kasuwar ƙasashen Larabawa ranakunsa biyu ne, Turanci da Larabci, ana murɗa maɓallin gefe a zaɓi wanda ake so. Mai son irin na alhazai shi duba wannan, don masu gyara kan sa faifan da ya zo hannu, sai ka ga Turanci da Faransanci ko Sifaniyanci. Idan an samu mataccen mai faifan Larabci a tebirin mai gyara, ko injin ya yi tsatsa a ɗauka, faifan kaɗai ya biya kuɗin.