Tanadin Allah: Mu Raba Tsaba da Tsakuwa

Tun daga watan Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mudu da na mota da na makarantar yara suka yi tashin gwauron zabi, kalmar "Allah zai tanada" ta ƙara yawa a bakin masu bi. Gaskiya ce, ita ce ma take riƙe da gidaje da dama. Amma wasu zantuka sun raɓe a inuwarta, suna yawo a WhatsApp da tarukan addu'ar dare, har an fara ɗaukarsu kamar ayoyi. Ga biyar daga cikinsu, da matsayin kowanne.

"Ka shuka iri, Allah zai mayar maka ninki ɗari."

Wannan ba koyarwar Yesu ba ce. A misalin mai shuka da ke Markus 4 da Luka 8, Yesu da bakinsa ya fassara irin: Maganar Allah ce, ƙasar kuma zuciyar mai ji. Ba a ambaci kuɗi a matsayin iri ba. Ninki ɗarin da ke Markus 10:29-30 kuwa na waɗanda suka bar gida da dangi da gonaki ne saboda bishara, kuma a wurin an haɗa musu da tsanani. Salon wa'azin da ake ji yau, Oral Roberts na Amurka ne ya shahara da shi, har ya fitar da littafi a kansa a 1970. Babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Cape Town a 2010 ya yi watsi da koyarwar cewa ana samun dukiya da lafiya ta wannan hanya.

Abin da yake gaskiya shi ne Littafi Mai Tsarki ya yabi bayarwa, ya kuma ce Allah yana sa wa mai hannun kyauta albarka. Amma 2 Korintiyawa 9:7 ya gindaya sharaɗi: da yardar rai, ba a kan tilas ba. Duk wanda ya miƙa wa gwauruwa ambulan, ya yanka mata farashin mu'ujiza, ya sa ta sayar da akuyarta ɗaya tilo, to ya karanta Ayyukan Manzanni 8, ya ga yadda Bitrus ya tsawata wa mai sihirin Samariya da ya zo sayen baiwar Allah da kuɗi.

"Ajiya rashin bangaskiya ce."

Ƙarya ce. Masu wannan magana suna kafa hujja da Matiyu 6, inda Yesu ya nuna tsuntsaye da furannin jeji. Abin da ya hana a wurin damuwa ce, wadda take hana barci, take ture Mulkin Allah daga gaba. Bai hana rumbu ba. A Farawa 41, Allah ya ceci Masar da gidan Yakubu ta hannun Yusufu, wanda ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona shekara bakwai. Karin Magana 6 ta tura malalaci ya koyi darasi wurin tururuwa. Ko mannar jeji, Joshuwa 5:12 ya nuna ta daina sauka ne da zarar Isra'ilawa suka fara cin amfanin ƙasar Kan'ana.

Saboda haka matar da take zuba adashe a zumuntar mata, da manomin da ya daɓe rumbunsa ya ware hatsin da zai kai shi bazara, ba su bar turbar bangaskiya ba. Inda Yesu ya yi gargaɗi shi ne Luka 12: mai arzikin da ya faɗaɗa rumbunansa ya manta da Allah.

"Littafi ya ce, tashi in taimake ka."

Babu wannan ayar daga Farawa har Wahayi. Karin magana ce ta mutane. Takwararta ta Turanci ma a kalandar Benjamin Franklin ta 1736 ta yi suna. Rabin ma'anarta yana da tushe: Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Korinti, ya kuma gaya wa Tasalonikawa cewa mai ƙin aiki bai cancanci abinci ba. Amma in aka mayar da ita doka, ina za a sa gurgu da maraya da wanda rikici ya kora daga gonarsa? Shari'ar Musa ta ware zakkar kowace shekara ta uku domin Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye, ta kuma hana mai gona girbe gefen gonarsa kakaf. Allah yana taimakon wanda ba ya ma iya tashi, yawanci kuma ta hannun ɗan'uwa yake yi.

"Talauci da ciwo alamar zunubi ne ko raunin bangaskiya."

Wannan ita ce mafi cutarwa, domin tana ɗora wa mai wahala kaya biyu. Abokan Ayuba sun faɗe ta, Allah ya ce ba su yi daidai ba. Almajirai sun ɗauko ta a kan mutumin da aka haifa makaho a Yahaya 9, Yesu ya kawar da ita. Wasiƙar Filibiyawa, wadda ake yawan ɗauko alkawarin biyan bukata daga 4:19, Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, a ciki kuma ya ce ya san yunwa ya san ƙoshi.

Tarihinmu ma shaida ne. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893 ba tare da wata babbar ƙungiya a bayansu ba. A 1894 biyun farko suka rasu, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta gaza?

"An yi mutumin da ya ciyar da dubban marayu da addu'a, bai roƙi kowa ba."

Gaskiya ne. George Müller, haifaffen ƙasar Jamus, ya buɗe gidan marayu a Bristol ta Ingila a 1836. Kafin rasuwarsa a 1898 yara fiye da 10,000 sun ratsa gidajensa, bai kuwa yi bara ba, bai ci bashi ba. Abin da masu tura labarin suke tsallakewa shi ne, yana buga rahoton abin da ya shigo da abin da aka kashe, jama'a suna karantawa suna bayarwa. Addu'arsa tana tafe da lissafi a bayyane. Ikilisiyar da take son shaidar Müller, sai ta karanta wa 'ya'yanta lissafin baiko.

Alkawarin da aka yi mana abincin yini ne, kamar yadda muke roƙo a Addu'ar Ubangiji, da tabbacin cewa Uba ya san bukatarmu. Don haka in aka turo maka saƙo, buɗe ayar ka karanta surar gaba ɗaya. Tambayi kanka aljihun wa zai cika in ka yarda. In kana shakka, kai wa fasto ko dattawan ikilisiya kafin ka tura wa wani. In kuma Allah ya hore maka buhu biyu, duba wanda yake zama kusa da kai a sujada, ta yiwu tun jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba.