Darbejiyar Ƙofar Gida da Gumakan Indiya

A Madabo, inuwar darbejiya wurin karatu ce. Da hantsi za ka tarar an shimfiɗa tabarma, almajiri ya ɗora allo a cinya, kurtun tawada a gefe, yana biya karatunsa. Unguwar ta gaji wannan tun daga Wangarawan da suka zo daga Mali da littattafai, har yau kuma akwai sarautar Babban Malami na Madabo. Sai dai bishiyar da ke ba da inuwar baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, Turawan mulkin mallaka ne suka dasa ta a Borno a 1928, daga nan ta bazu har muka ɗauke ta 'yar gida, muna ce mata dogon yaro. A can Indiya kuwa, da icenta ake sassaƙa wasu daga cikin gumakan da suka fi shahara.

Mutanen Kano sun daɗe suna ganin gumakan Indiya, tun daga silima irin su Falas da Eldorado har zuwa fassarar Indiya-Hausa ta wayar hannu. Jarumi ya shiga wurin bauta, ya kaɗa ƙararrawa, 'yan kallo su yi tsaki su ce ga mai hannu huɗu nan. A nan sanin yawancinmu ya tsaya. Alhali masassaƙin da ya yi aikin, rubutu ya yi a jikin ice, kowace alama da maganar da take ɗauke da ita. Sanin abin da ya rubuta bai sa mutum ya yarda da shi ba, kamar yadda sanin labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala bai mai da kowa Bamaguje ba.

Yawan hannaye, a wurin mabiya addinin Hindu, hanya ce ta nuna iko iri-iri a jiki ɗaya. Bishnu, ɗaya daga cikin allolinsu, yakan riƙe ƙahon katantanwa, da faifai mai kaifi, da kulki, da fure. Ganesha mai kan giwa shi suke ɗauka mai kawar da cikas, shi ya sa ɗan kasuwa ke ajiye shi a bakin shago. Furen da ke hannun Bishnu kuwa mai kama da bado ne, irin wanda ke fitowa a kududdufi. Yana tsirowa daga taɓo amma ya fito tsaf, don haka Hindu da mabiya Buda duka suke ɗaukarsa alamar tsarki.

A garin Puri na jihar Odisha, a gabashin Indiya, akwai wurin bautar Jagannat da aka gina a ƙarni na 12. Jagannat da ɗan'uwansa Balabadra da 'yar'uwarsu Subadra duk da darbejiya aka yi su: idanu dara-dara, hannaye dungu, kamar aikin da ba a gama ba. Su ma haka suke faɗa. A labarinsu, masassaƙin farko ya gindaya sharaɗin kada a buɗe masa ƙofa sai ya gama, aka kasa haƙuri aka buɗe, ya ɓace ya bar aikin yadda yake.

Ice dai ice ne, gara da damina ba sa raga masa. Saboda haka bayan shekara 8 ko 12 ko 19, gwargwadon lissafin watanninsu, sai a sake sababbi. An yi a 1996, an kuma yi a 2015. Tawaga ce ke fita neman bishiyar, kuma ba kowace darbejiya ba: ana son wadda tsuntsu bai yi sheƙa a kanta ba, da suri a kusa, da wasu alamomi a jikin ɓawonta. A sare ta, a jawo ta a amalanke zuwa Puri, a sassaƙa a ɓoye. Daren da za a ciro abin da suke ɗauka kurwar tsohon a sa wa sabon, ana ɗauke wutar garin, masu aikin a ɗaure musu ido, a naɗe musu hannu. Tsofaffin kuma a binne su a cikin harabar, masu hidimarsu su yi zaman makoki kamar an yi musu rasuwa a gida. Kowace shekara ma ana ƙera sababbin kekunan katako uku na bikin jerin gwano, na Jagannat mai ƙafa 16, jama'a su ja da igiya.

Na Buda daban ne. Shi mutum ne, ɗan sarauta mai suna Siddarta Gautama, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau. Ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa ba a sassaƙa siffarsa, sai dai sawun ƙafa, ko kujerar da ba kowa a kai, ko bishiya. Sai wajen ƙarni na 1 Miladiyya aka fara yi masa siffar mutum a Gandara da Matura. Dogayen kunnuwansa tabon manyan 'yan kunnen da ya cire ne lokacin da ya bar fada. Hannun da ke taɓa ƙasa kiran ƙasa ne ta yi masa shaida. Da'irar koyarwarsa ce ta koma tsakiyar tutar Indiya, da layuka 24.

Kada kuma a ɗauka duk masassaƙin Indiya gunki yake yi. A Saharanpur, a arewacin ƙasar, yawancin masu sana'ar Musulmi ne, aikinsu furanni da zane mai kusurwa a jikin akwati da ƙofa da marikin Alƙur'ani, irin mai naɗewa ɗin nan da ake ɗora Mus'hafi a masallatanmu. Sandal ɗin da ake sassaƙa ƙananan gumaka da shi a Maisur shi ne dai sunan da mai turare a Kasuwar Kurmi ke kira idan ya miƙo maka kwalba. Namu masassaƙin kuwa turmi ya sani da taɓarya da akushi da allo, allon ma ya fi son na aduwa, wanda zai jure wanki safe da yamma har yaro ya kai Baƙara.