Ko Ka Sani? Na'urar da Ba a Janye Sa Hannunta

Ko ka san akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce makullin mota girma ba, wadda ba ta da aiki sai sa hannu? Ita ce lalitar kirifto ta hannu, irin Trezor da aka fara sayarwa a 2014 daga ƙasar Cek, ko Ledger ta Faransa. Ko dala babu a cikinta. Mabuɗin sirri take ɓoyewa, wanda ake samarwa daga kalmomi 12 ko 24, kuma ba ya fita ko an jona ta da kwamfuta.

A Agadas, mai haƙar zinariya da ya dawo daga Jado zai aika wa iyali kuɗi ta Nita ko Amana, in an samu kuskure yana da wurin komawa da mutumin da zai yi wa magana. A kirifto babu wannan. Da zarar sa hannu ya shiga, kuɗi sun tafi ke nan.

Ƙofa biyu ce tsakanin manhaja da dukiyarka. Ta farko izinin haɗawa: tun 2018 manhajar lalitar kirifto ta MetaMask ta fara sa shafuka su nemi yardarka kafin su ga adireshin asusunka. Ta biyu sa hannu. Wasu masu ƙera manhajoji na ganin ta farkon ɓata lokaci ce, a bar shafi ya miƙo takardar sa hannu kai tsaye. Suna da hujja, domin izinin haɗawa sirrinka kawai yake karewa, ba ya motsa kuɗi. Amma ni ban yarda a cire ta ba, don ita ke hana kowane baƙon shafi cusa maka buƙata a gaban ido.

Sai dai ɓarnar a ƙofa ta biyu take. Ranar 21 ga Fabrairun 2025 aka kwashe wa kasuwar kirifto ta Bybit kusan dala biliyan 1.5. Ba a saci mabuɗi ba. An gurɓata abin da jami'an kasuwar ke gani a fuskar kwamfuta, su da kansu suka sa hannu. Hukumar FBI ta ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa.

Ɗan'uwa, karanta adireshi da adadi a fuskar na'urar kanta kafin ka danna. Abin da ba ka gane ba, kada ka sa masa hannu.